Kunamata ta cikin gwangwani

"Me ke motsi a gwangwanin nan?" in ji Kaka, hannunta har ya kai kan murfin.

A zangon Yendi ne, can ƙasar Gana, a shekarun 1980, ina ɗan firamare. Abokaina na kiwon tattabaru, ni kuwa na kamo baƙar kunama, don an ce mai koyo da ita yake farawa, harbinta bai kai na jar kunama zafi ba.

Na yi tsalle na riƙe mata hannu. "Kaka, kar ki buɗe! Kiwona ne, kunama ce!"

Ta janye hannu a hankali. "Tana ƙwai?"

"A'a."

"Ana yanka ta da Sallah?"

"A'a, harbi kawai take yi."

"To ai muna da mai wannan aikin a gida. Bakin gwaggonka Ladi bai ishe mu ba?"

Gwaggo na jin mu daga madafa. Ranar dai ni da Kaka muka sha harbi, kunama kuma aka sa na kai ta bayan gonar doya na sake ta.

Yau 'yata ta nuna mini a waya Turawa na sayen irin kunamar nan don kiwo, na yi dariya har da hawaye. Ku fa, me kuka fara kiwo?