Ranar da Kwamfutata Ta Ƙi Tashi a Gaban Baffa

Ni dai ban taɓa ganin kamfani mai shisshigi irin wanda ya yi manhajar da ke tuƙa kwamfutata ba. Ka sayi abu da guminka, amma wani can a ƙetaren teku ne zai yanke lokacin da za ta yi aiki da lokacin da za ta shiga gyaran kanta. Maɓallin da ka saba da shi jiya, yau ka neme shi ka rasa, wai an inganta. Wa ya aike su? Ga shi rubuta manhaja ce sana'ata, dole kullum muna tare.

Lokacin da nake neman aure a Beli, mahaifin yarinyar, Baffa, dattijo mai shanu, ya aiko cewa bai gane sana'ata ba. Ba gona, ba garke, ba shago, sai danne-danne. In zo in nuna masa ya gani da idonsa, in ba haka ba, 'yarsa ba ta auren mai zaman kashe wando.

Na cika batir a shagon masu caji a Karaye, na hau babur. Na shirya wata 'yar manhaja mai tuna wa makiyayi lokacin rigakafin shanu, har da hotuna. A raina na ce yau Baffa zai sha mamaki.

Da na isa, na cire takalmi, na tsuguna a gefen tabarma, muka gaisa har muka tambayi lafiyar maruƙa. Na buɗe kwamfuta da bisimilla. Sai ga shuɗin allo, wasu ɗigo-ɗigo suna zagaye, da rubutu wai tana sabunta kanta, kada a kashe. Innalillahi! Yau ɗin? A nan?

Da a ɗakina ne, da maƙwabta sun ji muryata. Amma a gaban suruki ko tsaki ba a yi, balle ɗaga murya. Na sunkuyar da kai, gumi na bin bayana, batir kuma na ta zurarewa.

Baffa ya leƙo ya ce, "Yaro, barci take yi?"

Na ce, "Gyara take yi, Baffa. Masu ita ne suka sa ta."

"Au, ba taka ba ce?"

"Tawa ce. Amma maganarsu take ji."

Ya gyaɗa kai. Aka kira la'asar, muka je masallaci muka dawo, tana nan tana zagaye. Can ta yi ɗif, batir ya ƙare. Ko hoton saniya ɗaya bai gani ba. Wallahi na fid da rai, har na fara laluben takalmina da ido.

Sai ya ce, "To, yanzu na gane. Kiwon saniyar wani kake yi. Ni ma da shi na fara. Ta tirje maka tun azahar, ban ji ka zage ta ba, ban ga ka ɗaga mata hannu ba. Ka turo manyanka."

Har yau in mun je Beli, bayan gaisuwa sai ya tambaya, "Saniyar ta tashi kuwa?" Kamfanin kuma bai shiryu ba, makon jiya ma kwamfutar ta shiga gyaran kanta ina tsakiyar aiki. Na miƙe na fara zazzaga mata masifa, sai uwargida ta leƙo daga tsakar gida.

Ta ce, "A hankali dai, Malam. Ka tuna don haƙurinka aka ba ka ni."

Na koma na zauna, muka ci gaba da kallon ɗigo-ɗigo.