Yadda Na Kwashe 'Ya'yan Baffa Daga Gandu

Da na gama karatun kwamfuta, gida garinmu Isa na komo. Na share shagon marigayi mahaifina na bakin kasuwa, na aza na'ura da firinta, ina jiran masu kawo aiki. Wa zai zo? Garin duk gero da dawa ne, manomi kuwa ba ruwanshi da tambarin kaya balle talla. In makarantu sunka gama buga jarrabawa, sai zaman kallon babura.

Baffa, yayan mahaifina, shi ke riƙe da gandun gidanmu. Wata kaka ya rasa wurin zuba amfani, sai ya sa 'ya'yanshi ukku sunka fitar min da kaya cikin rana, sunka cika shagon da buhunna. Gaban 'yan kasuwa ya ce, "Kai yaro, akwatin nan naka ba ya fidda ko zangarniya guda. Ɗauki kalme ka bi 'yan'uwanka gona." Anka yi ta dariya.

Na ce za ni Sakkwato, na tafi. Can sana'a iri-iri ce: majema, masu casar shinkafa, dillalan albasa, masu buga bulo. Wanga na son tambari, wancan talla a waya, wani a tsara mishi hajar shago cikin na'ura. In kasuwar albasa ta kwanta, ta fata ta tashi. Aiki ya yi min yawa har sai na nemi ma'aikata.

Ina za ni samo su? Gidan Baffa mana! Na fara da babban, na koya mishi zane. Shekara ta zagayo na janye na biyu. Kada wani ya ce zumunci ne, da gangan na yi.

Bana ruwan shuka na sauka, autan ya iso da jakarshi. Baffa ya kira ni a waya, murya a dishe.

"Ɗana, bar min ƙaramin ko na damanar ga kaɗai. Gwiwata ba ta kai ni gona."

"Haba Baffa, ai ban ɗaure shi ba. Ga shi ku yi magana."

Na miƙa wa autan waya, na jingina da kujera. Na ji ya ce, "Baba, ka ba da gonar aro kawai."

Gonar da tun kakanni baƙo bai taɓa nomawa ba. Raina ya yi fari tas. Na ce ya kashe wayar, mai shinkafa na jiran aikinshi.