Mai Rediyo a Gindin Katanga

Shagon ɗinkina yana jikin shagon Baba Mai Rediyo. Katako ne kawai ya raba mu, don haka ko tari ya yi ina ji. Tun ina koyon ɗinki na same shi a wurin. A wancan lokacin sai ka bi layi kafin ya duba maka rediyonka. Yanzu kowa ya rungumi waya, rediyoyin da suka rage a kan kantarsa na waɗanda suka kawo gyara ne suka manta, wasu ma masu su sun riga mu gidan gaskiya. Duk da haka kullum sai ya buɗe, ya share, ya jera kayan aikinsa daga babba zuwa ƙarami, ya zauna yana kallon titi.

Yana da wata ɗabi'a mai ƙular da mai sauri. Ba ya kwance rediyo sai ya kunna ta, ya kara kunne, ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Wai ciwon da ke ciki a murya yake fitowa.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya gare su, ma'aikaciyar jinya ce, mijinta kuma direban babbar mota ne da kan yi wata bai kwana a gida ba. Da ta gama hutun haihuwa, ba ta da inda za ta ajiye jaririyarta sai wurin tsohon. Ya shimfiɗa zane a cikin kwalin talabijin ya kwantar da ita. Uwargida yake kiranta, irin tsokanar nan ta kaka da jika. Ni da na san ɗakin da yake komawa babu kowa a ciki, sunan bai cika ba ni dariya ba.

A shagon nan ta yi rarrafe, a nan ta fara tafiya. Daga ranar da ta zo na daina jin tari kawai ta cikin katako, na koma jin hira. Sai dai hirar tsofaffi ce. Kafin ta cika shekara uku, yarinyar nan ta zama tsohuwa tukuf. Idan za ta tashi daga benci sai ta dafa gwiwa ta ce, "Wash, Allah!" Tana tafiya da hannu a baya. In na gaishe ta, sai ta ce, "Jiki dai sai haƙuri, Tela." Mu 'yan layin muna kiranta don kawai mu sha dariya, shi kuwa bakinsa har kunne.

Uwarta ce ba ta yi dariya ba. Wata rana da yamma ta zo ɗaukarta, na ji su ta katako.

"Baba, yarinyar nan ba ta san yara ba. In ta ga sa'o'inta ɓuya take yi a bayanka. Makarantar raino za mu sa ta."

"Me za a koya wa 'yar shekara uku? Ta iya gaisuwa, ta iya cin abinci da kanta."

"Wasa za a koya mata, Baba. Ni ba ni da sukunin zagayawa. Kai za ka nemo mai kyau, duk wadda ka ce ita ce."

Na ce a raina, baiwar Allah, kin damƙa zaɓen a hannun wanda ba ya son a samu.

Haka ya riƙa rufe shago da hantsi, ya riƙe hannun Uwargida su fita. Ba ya fara shiga ofis, don ya ce a ofis kowa murmushi yake yi. Bayan katanga yake zagayawa ya tsaya ya kasa kunne. In ya dawo sai ya ba ni rahoto ina taka keke. Wata makarantar shiru kamar ba kowa, ya ce yaran da suka yi shiru haka tsoro aka ba su. Wata kuma talabijin ne ke magana tun safe, babu muryar babba ko ɗaya. A wata ya ji yaro yana kuka har muryarsa ta dushe, bai ji takun kowa ya nufe shi ba. A wata ƙofa a wangale take, ga motoci na wucewa. Waɗannan duk na yarda da shi, don ni ma ba zan kai nawa can ba.

Amma daga baya aibin ya fara zama na neman dalili. Wai fentin wata ya cika haske. Wai maigadin wata yana da gemun da bai yarda da shi ba.

Wata safiya na je sayen zare ta bayan layinmu, sai na hango su a gindin katangar wani ƙaramin gida mai shuɗiyar ƙofa, wanda bai taɓa ambata mini ba. Ya jingina, ido a lumshe. Na matsa. Daga ciki wata malama tana tambayar wani yaro abin da ya gina da kwalaye, ta yi shiru tana jiransa har ya lalubo kalmar da kansa. Wani ya faɗi ya tsala ihu, nan take na ji an kira sunansa, kukan ya koma shessheƙa.

"Baba, wannan fa? Me ta yi?"

Bai buɗe ido ba. "Ba ta yi komai ba, Tela. Tun makon farko na same ta."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Ba maganata ce ta juya shi ba. Wata mata ce ta kawo mini ɗinki da ɗanta, yaron ya gangaro wa Uwargida ƙwallo har gaban ƙafarta. Ta dube ta, ta dubi yaron, ta maida hannu baya ta ce, "Ni na tsufa da wasa." Kowa ya fashe da dariya. Na leƙa, na ga tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa yana kallonta. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

Washegari ya shiga ta shuɗiyar ƙofar. Ya duba banɗaki, ya duba ruwan sha, ya tambayi yara nawa malama ɗaya ke kula da su da kuma wanda ake ba wa yaro in an tashi. Sannan ya kira 'yarsa ya ce an samu.

Makon farko Uwargida ta yi kuka, shi kuma ya zauna bai taɓa komai ba. Bayan wata biyu ta fara dawowa da fenti a hannu da waƙa a baki. Ta san ja da kore, tana ƙirga maɓallan rigunana, tana da ƙawa wadda ba ta da zance sai nata. Ta daina dafa gwiwa, zumbur take miƙewa. In ya ce, "Uwargida, zo mu yi hira," sai ta ce, "Kaka, bari in gama zanena."

Ni dai na koma jin tari ta cikin katako. Da hantsi yakan rufe shago ya tafi, na kuma san inda yake zuwa. Yakan dawo ya ce mini yau ta yi dariya, yau ta yi gardama a kan lilo.

Jiya ya dawo da wuri. Ya tsaya a bakin ƙofata, hannu a baya.

"Lafiya, Baba? Ba ta je ba ne?"

"Tana ciki. Na tsaya har ƙafata ta gaji, ban iya ware muryarta ba. Ta shige cikin ta yara." Ya juya ya dubi titi. "Wurin yana da kyau, Tela. Ban yi zaɓen banza ba."

Ya shiga shagonsa. Na ji ya dafa benci ya ce, "Wash, Allah," ba wanda ya maimaita. Can sai ya kunna ɗaya daga cikin rediyoyin nan da ba mai zuwa karɓa.