Maɗaurin Gwiwar da Kawu Ya Ɗinka Mini

A shekarun da nake aikin malamin gona a Kalgo, da keke nake zuwa ko'ina. Ƙauyukan da aka ba ni suna gefen Dangoma, kuma yawancinsu babu titin mota, sai burtalin shanu da 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gonakin gero. Da rani rairayi ke riƙe taya, da damina kuma ruwa ya zaizaye hanya ya bar ramuka. Faɗuwa ba baƙon abu ba ce a wurina. In na faɗi sai in tashi in kakkaɓe riga, in miƙar da kan keken tsakanin cinyoyina, in ci gaba.

Wata Laraba, bayan an yi ruwa da safe, na ɗaure rabin buhun irin wake a bayan keke zan kai wa wasu manoma. Akwai wata gangara da ke sauka cikin kwari, wadda na bi ta fi sau ɗari. Ranar birki ya jiƙe, na matsa bai kama ba. Tayar gaba ta faɗa wani sabon rami, na sauke ƙafar dama don in tare. Ƙafar ta nutse cikin laka ta kafe, ni kuma da keke da buhu muka juya gefe. Na ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwata.

Na yi ƙoƙarin tashi, gwiwar ta goce ciki kamar ba tawa ba. Sai na koma na zauna cikin laka, zufa tana keto mini.

Wani dattijon Bafulatani da ke kora shanunsa zuwa mashaya ne ya same ni. Ya tsuguna ya dubi ƙafar, bai taɓa ta ba.

"Malam, kada ka sake takawa," in ji shi. "Zauna yadda kake."

Ya sari sanduna biyu ya sa a gefe da gefen gwiwar, ya warware rawaninsa ya ɗaure. Daga nan ya je rugarsu ya zo da jaki, ya ɗora ni, ya ja har bakin titi, ya tsaya tare da ni sai da motar kasuwa ta ɗauke ni. Keken da wake ya ce in bar masa ajiya. Bayan mako biyu abokin aikina ya je ya karɓo su, ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba.

Washegarin faɗuwar aka kai ni gida Gwandu. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Inna tana ganina ta koma ɗaki, ina jin tana salati. Baba kuwa sai ya aika a kira mai ɗori na unguwarmu, wani tsoho da ya ɗora rabin yaran garin. Ya zo ya lallatsa ƙashin daga cinya har ƙauri, ina cije leɓe.

"Alhaji, babu karaya," ya ce wa Baba. "Ƙashi lahiya lau yake. Jijiya ce, kuma wannan ba aikina ba ne. In na ja ta zan ƙara ɓata ta. Ku kai shi asibiti."

Na ji daɗin cewa ba karaya ba ce, amma hankalina bai kwanta ba. Na san wani tela a kasuwa da gwiwarsa ta sandare tun yana saurayi, yana jan ƙafa har tsufansa. Ni kuwa ban cika shekara talatin ba, kuma aikina duka yawo ne.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar. Likitan ya sa na kwanta, ya riƙe ƙaurina yana turawa hagu da dama. Ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta gefen ciki ce ta yage, amma ba ta tsinke ba, kuma za ta haɗe da kanta matuƙar ba ta sake gocewa ba. Abin da nake buƙata shi ne maɗauri mai ƙarfe a gefe biyu, wanda zai bar gwiwa ta lanƙwashe gaba da baya amma ya hana ta karkata. Ba su da shi, in ji shi, sai dai a nema a Sakkwato ko Kano, kuma ba lallai a samu ba. Ya zana mini siffarsa a bayan takardar magani don wanda za mu aika ya gane.

Ba mu kai ga aika kowa ba. Da yamma Kawu, ƙanen Inna, ya zo duba ni. Baduku ne, takalma da jakunkuna yake ɗinkawa. Ya ga takardar a kan tabarma ya ɗauka, ya daɗe yana juya ta.

"Wannan ne za a tahi Kano dominsa?"

"Shi ne, Kawu."

"Miƙo ƙafar."

Ya auna cinya da ƙauri da zare, ya ƙulla alama, ya tafi da takardar. Ashe wajen maƙeri ya nufa, ya sa aka buga masa sillayen ƙarfe huɗu, aka haɗa su bibbiyu da ƙusa yadda za su riƙa naɗewa. Ya lulluɓe su da fata, ya sa maɗaurai uku. Ɗinkin farko da ya kawo ya goge mini fata har ta saɓule. Ya kwance ya sa auduga da fatar akuya mai laushi. Na biyu yana zamewa ƙasa in na tsaya. Kawu ya yi tsaki ya sake tafiya da shi. Na uku ya zauna daram.

Da na koma asibiti na ɗaga wando, likitan ya yi dariya, sannan ya tsuguna ya duba da gaske. Ya naɗe ƙafar ya miƙe ta, ya tura ta gefe, ba ta motsa ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Kawuna ne, likita."

"Ka ce masa ya ɗaga mahaɗin sama kaɗan, kamar faɗin yatsa. Ban da wannan ba ni da abin gyarawa."

Wata biyu na yi ina salla a zaune, ƙafa a miƙe. Kullum safe ina ɗaga ƙafar da ƙullin yashi a idon sawu, kamar yadda aka nuna mini. Cinyar ta rame, har na daina son kallonta. Amma a hankali na bar sanda, na fara zuwa masallaci da ƙafata. Ranar da na iya yin zaman tahiya har na sallame ba tare da na gyara zama ba, na daɗe a wurin bayan kowa ya fita.

Sai da aka girbe gero likita ya yarda in hau keke, da sharaɗin in ɗaura maɗaurin kuma kada in ɗauki kaya. Da yake nawa yana Kalgo, na ari keken maƙwabci na kama hanyar ƙauyen Maruda da hantsi. Da farko ina taka feda kamar mai tsoron ta fashe, kowane tudu sai in sauka in tura. Can na lura na daina tunanin gwiwar, ina kallon dammunan gero da aka jera a gonaki. A Maruda na sha fura a gindin wata tsamiya, na huta, na juyo.

Na iso gida kafin la'asar. Baba yana zaune a zaure yana gyara carbinsa da ya tsinke. Ya bi ni da ido har na jingine keken.

"Yaya gwiwar?"

"Lafiya lau, Baba. Ko ciwo ba ta yi ba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "To shiga ka gaya wa Innarka, tun tahiyarka ba ta ci komai ba."