Harsashin da Ya Rage a Ciki

Baba, mahaifin maigidana, ya daina zuwa gidanmu ran Juma'a. Tun da aka kawo ni gidan nan na unguwar Jurf, a nan ƙasar Larabawa, bai taɓa fashi ba. In an sauko daga masallaci sai ya biyo, mu ci shinkafa, in kai masa gahwa da dabino a majlis, wato ɗakin baƙi, ya zauna har la'asar yana tsokanata wai Hausata ta 'yan unguwar Sultana ce, rabi Larabci rabi kame-kame. Yanzu matashin da yake jingina da shi yana nan a kusurwa, ba mai taɓawa. Bindiga ce ta jawo.

Maigidana yana da 'yar gona a bayan gari, dabino kaɗan da tumaki. Karnukan daji suka addabe shi, sai ya je da safe ya tarar sun yaga ɗan rago. Shi ne ya nemi izinin mallakar bindiga. Kafin izinin ya fito ya kusa ƙarar da idonsa a waya, yana kallon wannan yana kallon waccan, yana yi mini bayanin da ban tambaya ba. Baba ya ce ya sayi irin tasa ta da, mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a tsakiya a leƙa a ga ko akwai wani abu a ciki. Maigidana ya ce karnuka ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, shi yana son wadda in ka harba take ɗora wani harsashin da kanta, kai dai ka sake jan kunama. Baba ya ce wannan bindigar ragwaye ce. Aka yi dariya.

Har ni an tambaye ni. Maigidana ya nuna mini biyu, baƙa da mai gindin katako, na ce ta katakon, don ta yi kala da ƙofar majlis. Ya ce amsar mata ke nan, amma ita ɗin ya sayo.

Ba zan ce ba ya kula da ita ba. Ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli ya kafe a cikin kabad. Duk Juma'a bayan cin abinci sai ya shimfiɗa tsohon shimaginsa, ƙyallen da maza ke yafawa a ka, a ƙasa, ya jera mai da tsumma da wani siririn ƙarfe da yake zurawa ta baki. Kullum abu ɗaya yake fara yi: ya zare gidan harsashi ya ajiye nesa, sannan ya ja ƙarfen gefe baya ya leƙa ciki. Ya sha gaya mini cire gidan bai isa ba, wani yakan rage a ciki. Warin man yakan haɗu da na turaren wuta, in yi ta mita, shi ko ya ce in haƙura, kishi ne.

Wannan Juma'ar da safe ya je gona, ya yi harbi ya kori karnuka. Ya dawo a makare, ana shirin huɗuba, ya jefa bindigar a akwati ya kulle ya yi wanka ya fita. Bayan an ci abinci ya ɗauko ta kamar kullum. Abin da ya faru a ɗakin kafin in shigo, daga baya ya faɗa mini. Ya zare gidan harsashi, bai kai ga jan ƙarfen ba, sai Baba ya miƙo hannu ya ce a ba shi ya ga abin da ake ta yayatawa.

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san ba a barin hannun uba a miƙe. Mu da aka haifa a nan, Hausar ma ta fara guje mana, amma wannan bai guje mana ba. Maigidana ya ce ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, bari in duba tukuna." Baba ya nuna gidan harsashin da ke kan shimagi ya ce, "Ga cikinta nan a ƙasa. Na riƙe bindiga kafin a yi tunanin haihuwarka." Sai ya ba shi da hannu biyu.

Ni kuma na taho da tire, butar gahwa da 'yan kofuna. Na yi sallama na tura ƙofa da gwiwar hannu. Na ga Baba yana murmushi, ya ɗora ta a kafaɗa. Daga nan ban san me na ji ba, don ba ƙara ba ce, kamar an mari duk gidan ne. Katakon ƙofa ya fashe daidai kunnena. Tiren ya faɗi, gahwa ta zubo mini a ƙafa, ban ma ji zafin ba sai can. Na tsaya ina kallon bakin maigidana yana motsi, ba na jin komai.

Baba bai tashi ba. Ya ajiye ta a hankali, ya kalli hannunsa, ya kalle ni. Ban taɓa ganin fuskar babba ta koma haka ba. Maƙwabta suka cika ƙofa, ya ratsa su ya fita ko takalminsa bai saka daidai ba.

Aka cire mini tsinken katako daga kumatu, aka ɗaure ƙafar, aka ce kunnen zai warware. Na tafi wajen mahaifiyata a unguwar Bani Harisa. Ko murfin tukunya ya faɗi sai in tsinci kaina a durƙushe. Na ce wa maigidana ba zan koma ba muddin bindigar tana gidan. Bai ja ba. Ya kai ta ya miƙa wa hukuma, ya sa aka canja katakon ƙofar, ya zo ya ɗauke ni. Tumakin ma ya sayar da yawancinsu.

Amma Baba shiru. Yakan aiko da dabino, yakan tambayi ƙafata ta bakin ɗansa. Mahaifiyata ta ce kunya ce ke cinsa, kuma irin wannan babba ba ya iya tahowa da kansa, sai ƙarami ya buɗe masa hanya. Ta ce in kira shi ni da kaina, kada in ambaci komai, in ce kawai na dafa abin da yake so. Na kira. Ya ce to.

Ya zo. Ya zauna, ba a wurinsa ba, can kusa da taga. Na yi ta gaya wa kaina ba komai, babu ita a gidan, na ga akwatin a buɗe da idona. Na ɗauko tiren lafiya lau har bakin majlis. Da na kai daidai sabon katakon, sai hannuwana suka ƙi ni. Kofunan suka fara kaɗawa, suna bugun juna, ƙarar ta cika ɗakin. Na matse tiren a ƙirji, abin ya ƙaru. Maigidana ya taso zai karɓa, na ƙi ba shi, don ina son Baba ya ga na iya. Na durƙusa na zuba, rabi a kofi rabi a tire.

Baba ya karɓa ya sha. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki huta." Bai tsokane ni ba, bai jira abinci ba.

Da na san haka hannuwana za su yi, da na jira, ko na bar maigidana ya kai masa. Na so ya ga na warke, sai ya ga abin da ya fi tsoron gani. Yanzu ran Juma'a maigidana shi ke zuwa can, in zuba gahwar a fulas in ba shi ya tafi da ita. Yakan dawo da shi babu komai a ciki, ya ce Baba ya ce a gaishe ni.