Farin Yatsa a Ranar Ƙunshi

A shekarar da aka ɗaga zaɓe da sati shida na aurar da 'yata ta fari. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a lokacin ya san shekarar. Makarantun gwamnati cike suke da mutanen da suka gudo daga garuruwansu, kuma ba ka shiga kasuwa ko masallaci sai samarin sa-kai sun laluba ka.

Ni mai buga bulo ne a Bulumkutu. Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda ake yi da la'asar a zauren Bulama, mai unguwarmu. Daga ajin nan ƙungiyarmu ta masu zaɓe ta fito. Wata rana malaminmu, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, ya tambaye mu me ya sa rijiyar burtsatsen layinmu ta daɗe a lalace, alhali ta layin bayanmu tana lalacewa ake gyara ta. Kowa ya kawo nasa dalili. Ya bari muka gama, sannan ya ce, "Ɗan siyasa akwati yake dubawa. Nasu cika yake yi. Naku kuwa ko rabi ba ya kaiwa, don matanku ba sa fita."

Haka muka fara, maza da mata, 'yan kaɗan. Ba mu da jam'iyya, kuma ba ma faɗa wa kowa wanda zai zaɓa. Aikinmu mu raka mutane karɓo kati, mu nemo wa tsofaffi keke napep, mu koya musu dangwale da ninke takarda yadda tawada ba za ta shafi gidan wata jam'iyya ba. Ni aka ba koyar da dangwale. Na yi dariya a raina, domin abin da ya kai ni aji ke nan: na gaji da a miƙo mini tawada a inda wasu ke karɓar biro. Ga shi yanzu ina yawo gida-gida da ita a aljihu.

Muna kuma gayyato 'yan takara zauren Bulama, ɗaya bayan ɗaya, ba kiɗa ba gayya, domin taro abin tsoro ne a lokacin. Buƙatunmu biyu ne: a gyara rijiya, a kuma mayar wa yaranmu makarantar firamare, wadda 'yan gudun hijira ke zaune a ciki.

Shugabar matanmu tsohuwar ungozoma ce. Rabin layin a hannunta aka haife su, kowa Hajiya yake ce mata. Ita ta zo da labarin cewa bana za a kawo wata na'ura mai duba yatsa, kuma wai ba ta gane yatsan da ya sha lalle. Malam ya ce shi bai tabbatar ba, amma kada mu yi wasa da abin da ba mu sani ba. Sai Hajiya ta bi gidaje tana roƙon mata su haƙura da ƙunshi har a gama zaɓe. A garin nan wannan ba ƙaramin roƙo ba ne. Macen Barno tana iya haƙura da nama a miya, amma ka ce ta fita unguwa da farin hannu, ka nemi magana. Duk da haka suka yarda, saboda mun yi musu alkawari cewa bikin 'yata na nan tafe bayan zaɓe, ranar kowa ta sha lalle son ranta.

Da gangan na sa ranar bikin can bayan zaɓe, har da 'yan makonni a kai, don a ga yadda gari zai kwana. Sai ga sanarwa a rediyo cewa an ɗaga zaɓen. Da muka duba, bikin ya faɗo saura sati ɗaya a jefa ƙuri'a. Jan lalle kuwa ba ya barin yatsa a sati ɗaya. In matan layin suka yi ƙunshi, kuma na'urar ta ƙi su, duk wahalar da muka sha ta tafi a banza, rijiya ta ci gaba da zama a bushe.

Ɗaga bikin bai yiwu ba. Dangin ango sun riga sun shirya tahowa daga Kano ta hanya ɗaya da ta rage a buɗe. Kuma a shekarun nan ba a ɗaga abin alheri, don ba ka san wa zai kai watan gobe ba.

Mai ƙunshin bikin yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure a wani ƙauye gaba da Khaddamari, a can ta tsufa. Mijinta ya rasu a gona ranar da yaran daji, wato 'yan ta'addan nan, suka shigo ƙauyen. Ta iso gidana ƙafa a kumbure, da ƙullin kaya ɗaya a ka. A cikin ƙullin babu katin zaɓe, babu ko zane na biyu mai kyau, amma akwai ƙaramin buhu na busasshen ganyen lalle, daga bishiyar da ke bayan ɗakinta. Tun ranar ta ce na auren 'yarta ne, domin a wurinta 'yata tata ce.

Na same ta da hantsi tana tankaɗe garin lallen a tsakar gida. Na zauna, na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye.

"Faɗi abin da ya kawo ka," ta ce. "Tun kana yaro in za ka roƙi abu sai ka fara da tambayar lafiyar kaji."

Na roƙe ta ta bar wa kowace mace babban yatsa ba lalle, har da amarya. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Amarya da farin yatsa? Takaba take yi?"

"Ɗaya ne kawai, Yaya. Na dama."

"Ɗaya! Kai in ka yi gini kana barin rami a bango?"

"Muna bari, Yaya. Taga ake ce masa."

Ta jefo mini murfin kwano, na kauce. "Ka ji shi! An koyi a, ba, ca, an dawo gida ana raina manya." Sai kuma fuskarta ta sauya. "Ni ina ruwana da zaɓenku? Katina ya ƙone tare da ɗakina. Kuma na ji abin da kuke nema. A fitar da mutanenmu daga makaranta. Su je ina? Su hau bishiya?"

Mun yi watanni muna maganar makarantar nan, babu wanda ya tsaya ya tambayi inda mutanen ciki za su koma, domin ba su da ƙuri'a a akwatinmu.

Ban matsa mata ba. Na san halinta, in ka tura ta gaba baya take yi. Na koma wurin aikina na bar maganar ta huce. A tsakanin nan 'yata ta same ni a ƙofar gida. Ta sha rana sosai kafin ta karɓi katinta.

"Baba, ni dai kada a ɓata wa Gwaggo rai," ta ce. "Amma wannan ne zaɓena na farko."

Na ce mata ta yi haƙuri, Allah zai kawo mafita. Ni kaina ban san ta ina ba.

Bayan 'yan kwanaki, ina shirin tafiya taron ƙungiya, sai ga Yaya ta yafa mayafi ta ce in wuce gaba. Muka shiga zauren Bulama, ta yi wa kowa "wushe, wushe" irin gaisuwar Barebari, ta zauna kusa da Hajiya. Ba ta jira an ba ta dama ba.

"Ni ba ni da ƙuri'a," ta ce. "Amma ranar ƙunshi yatsun matan layin nan gaba ɗaya a hannuna za su wuni. Na ji kuna da buƙata biyu. Ku mai da su uku."

Malam ya gyara tabarau. "Mece ce ta ukun, Hajiya?"

"Ban je Makka ba, Malam, kada ka ɗora mini. Ta ukun gona ce. Damina na tafe. A ba mu masu rakiya mu je mu yi shuka, ko da safe mu tafi mu dawo da la'asar. Ku buɗe mana hanyar gona ku ga ko za mu ƙara kwana a ajin 'ya'yanku. Wa ya ce muku daɗin kwanan benci muke ji?"

Wani tela da ke cikinmu, mai son gardama, ya miƙe. "Wannan ai ciniki ne! Mu da muke hana mutane sayar da ƙuri'a?"

"Zauna, kai da na yanke wa cibiya," in ji Hajiya ungozoma. "Sabulu ta nema ko atamfa? Gona ta nema."

Aka yi dariya, amma gardamar ba ta ƙare nan ba. Wasu suka ce maganar rakiya ta sojoji ce, ta fi ƙarfin ɗan majalisa. Malam ya ce haka ne, amma ɗan majalisa yana iya buga ƙofofin manya na GRA da mu ba ma ko iya tsayawa a gabansu. Aka yi ta ja har aka kira sallar magariba. Kafin mu tashi Bulama ya yanke: buƙatu sun zama uku, kuma daga yau duk ɗan takarar da zai zo, sai an kira dattawa daga cikin mutanen makarantar sun zauna tare da mu. Haka kuwa aka yi da sauran 'yan takarar da suka zo. Wani ya yi alkawari da sauri har muka ƙi yarda da shi, wani ya ce zai gwada.

Ranar ƙunshi mu maza a waje muke, sai guɗa muke ji. Mai ɗakina ce ta ba ni labari, daga baya kuma na gani da idona. Yaya ta sa an sayo salatif, ta yanka shi ƙanana kamar ganye, ta manna a cikin babban yatsan kowace mace, sannan ta bi hannun da lalle. Da aka wanke, ga hannu ja wur, ga farin ganye a yatsa. Matan Kano dangin ango suka yi ta juya hannun amarya suna tambaya ko sabon yayi ne na Barno.

"Bana aka fito da shi," in ji Yaya, ko murmushi babu.

Su ma suka ce a yi musu. Mutum ɗaya ce ta ƙi, wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai. Ta ce ita a cika mata hannu tsaf, na'ura in ta ga dama ta gane ta.

Ranar zaɓe mun fita da sassafe. Muka shimfiɗa wa tsofaffi tabarmi a inuwar dogon yaro, muka sayi ruwa wurin mai moya, mai turo jarkoki a kura, muka roƙi kowa kada ya zo da jaka. Tsoro na nan, duk wanda ya ji ƙarar ƙofar mota sai ya waiga. Amma mutane suka yi ta zuwa. Tun da nake ban taɓa ganin layin mata ya fi na maza tsawo a rumfarmu ba sai ranar. Duk wadda ta hange ni sai ta ɗaga mini farin yatsanta. Na ga 'yata a cikinsu, amarya ce ta sati ɗaya, ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Na'urar ta yi ta karɓar mata. Sai ga mai ƙosai da jan yatsanta. Muka zuba ido. Tana ɗorawa na'urar ta karɓe ta, ko jinkiri babu. Ta juyo tana neman mu.

"Ina Hajiya? Ina malamin dangwale? A banza kuka hana mu ado!"

Hajiya ba ta nan ta ji. Naƙuda ta kama wata mai tsohon ciki a kan layi, ta sa ta a keke sun tafi.

Da layi ya zo kaina na ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Na goge a riga, ta ƙi. Na wanke da ruwa, na gwada sauran yatsun, duk ɗaya. Ma'aikacin zaɓen ya kama hannuna ya duba.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Bulo nake bugawa."

"Ai siminti ya cinye zanen yatsunka."

Layin mata ya kwashe da dariya. Yaya, wadda ta zo raba ruwa duk da ba ta da kati, ta ɗaga murya daga gindin bishiya: "Da ka zo na sa maka lalle!"

Na koma gefe na jira. Can aka cike mini wata takarda, aka miƙo mini biro na rubuta sunana, da yamma na jefa ƙuri'ata. Da aka zazzage akwatin a gabanmu, takardu suka yi tudu a kan tebur. Malam ya cire tabarau yana gogewa.

Rijiyar an gyara ta kafin shekara ta zagayo. Maganar gona ta fi wuya. Daminar farko ta wuce muna zarya ofisoshin GRA, mu da dattawan makaranta, muna zaman benci ana ce mana mu dawo. A damina ta biyu aka fara barin manoman wajen Khaddamari su fita da rakiya. Ba zan ce mu kaɗai muka jawo hakan ba, amma muna cikin waɗanda suka ƙi yin shiru. Yaya na cikin motar farko. Ta dawo da yamma da taɓo a ƙafa, ta ce an sare bishiyar lallenta an yi itace, amma ƙasar na nan, kuma ta zuba wake. Sannu a hankali azuzuwa suka fara komawa hannun yara.

Ƙungiyar na nan har yanzu, ta ma ƙaru. A layinmu kuma har yau akwai matan da ke cewa a bar musu farin ganye a yatsa, ko ba zaɓe.

Abin da muka rasa kuwa ga shi. A ranar zaɓe ƙuri'a biyu, ta mai naƙuda da ta Hajiya da ta bi ta. Damina ɗaya ba shuka. Shekara biyu na karatun yaranmu. Ɗakin Yaya, da katinta, da bishiyar lallenta, da mijinta.