Burulkan da Bahonta na Roba

Shekara ashirin da shida ƙofata tana kallon ƙofar Burulkan a hawa na huɗu, ban taɓa shan shayinta ba, ita ma ba ta sha nawa ba. Ta girme ni da shekara tara, ya kamata in ce mata eje, wato yaya, kamar kowa a benen. Ni sunanta nake kira gatsal.

'Yar makiyayan yankin At-Bashi ce. Ta zo birnin Bishkek da ƙuruciya ta koyi aikin ungozoma, ta auri direban babbar mota, ya rasu da wuri, ba su haihu ba. Shekara talatin tana karɓar haihuwa a wani asibiti, har ranar da wani likita ya daka wa mai naƙuda tsawa, ta jefe shi da kwanon ƙarfe. Aka ce ta ajiye aiki don kanta. Mu dai mun san kora ce.

Bayan haka ta samo bahon. Na roba ne, shuɗi, ana hura masa iska, yakan cinye rabin falo. A jakar kasuwa mai taya take jansa, gida gida, tana sa matan mutane haihuwa a cikin ruwa. In muka haɗu a matakala sai in ce, "Burulkan, yau kuma 'yar wa za a mayar kwaɗo?"

"Kalicha, je ki wanke labulenki. Tun daga titi yake ba ni kunya."

To, sai ga shi Nurzada, matar ɗana Esenbek, da cikinta na biyu, ta tsallaka ta ƙwanƙwasa ƙofarta. Haihuwarta ta fari ta sha wuya a asibiti, ta rantse ba za ta koma ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi kwana uku ban ci abincinta ba. Esenbek ya sunkuyar da kai ya ce, "Apa," wato mama, "jikinta ne." Ɗan da na haifa!

Burulkan ta shigo falona ba sallama, ta karɓi takardun awo ta karanta ɗaya bayan ɗaya, ta tattaka daɓen da dunduniya. "Bahon nan in ya cika ya fi saniya nauyi. Jikin bango za a aje shi. A fitar da wannan kabad."

"Kabad ɗin aurena ne."

"Da gani."

Naƙuda ta tashi wata Talata da hantsi, a watan Mayu, daidai lokacin da ake ɗauke wa gari duka ruwan zafin famfo don gyaran bututu. Na ji daɗi har cikin raina. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Sai ki haɗa robarki. Esenbek, kira motar asibiti."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta shimfiɗa tamfol, ta sa Esenbek hura bahon, ta lulluɓe cikinsa da sabuwar leda, ta ɗaura tiyo a famfon kicin. Sannan ta juyo.

"Tukwane nawa gare ki?"

"Ba na dafa mutum ba ne."

"Ki ɗora duka. Ki sauka ki aro na maƙwabta. In ba za ki iya ba, ki zauna a ɗaki ki riƙe bakinki, shi ma aiki ne babba a wurinki."

Daga ciki Nurzada ta yi wani nishi, ta ce, "Apa, don Allah." Don ita na sauka, ba don waccan ba. Tukunyar da nake dafa tunkiya guda a ciki, butoci bakwai, har injin wankin mutanen hawan ƙasa aka kunna don ruwan zafinsa. Ni da shekara sittin da ɗaya, ina hawa ina sauka da bokiti. Duk bokitin da na kawo sai ta tsoma ma'aunin zafi ta taɓe baki.

"Talatin da biyar. So kike jikanki ya fito yana tari? Talatin da bakwai na ce."

Na juye wani. "Talatin da tara! Miya kike haɗawa?" Ta kwashe da kwano, ta ƙara na sanyi, ta motsa da hannu har gwiwar hannu.

Sai da rana ta raba ta bar Nurzada ta shiga. Ina kallo fuskar yarinyar ta saki, kafaɗunta suka sauka. Burulkan ta durƙusa a gefe, tana sauraron bugun zuciyar jaririn akai-akai, tana tsame ƙazanta da 'yar rariya, tana yi wa Nurzada magana da wata murya mai laushi da ban taɓa sanin tana da ita ba. Da na matso sai ta koma ta kullum: "Kin tare min haske."

Da la'asar aka haifi namiji. Ta ɗago shi daga ruwan a hankali ta ɗora a ƙirjin uwar, ya callara kuka. Ina shirin yin guɗa na ga Burulkan ta ƙura wa ruwan bahon ido. Ya yi ja, yana ƙara duhu.

"Fito da ita. Esenbek, kira motar asibiti. Yanzu!"

Ta kwantar da ita a katifa, ta yi mata allura a cinya, ta danne mata mara da hannu biyu. Na ce, "Kin kashe min ita, mayya! Ban faɗa ba?"

"Kin faɗa. Riƙe yaron, ki yi ta faɗa."

Kafin motar ta iso jinin ya tsaya, amma ta ce sai an tafi. Ta bi su har can, ta tsaya gaban likitocin da suka san tarihinta, suka zazzage ta tas, ta shanye. Bayan kwana biyu aka sallami Nurzada lafiya. Ni kuwa aka bar ni da baho cike da jan ruwa a tsakar falo, na kwashe shi da bokiti har bayana ya riƙe.

Ranar walimar yaron muka yanka tunkiya. Esenbek ya ce a ba ta cinya, rabon manyan baƙi. Ni ce mai rabo. Na zaɓi ƙashin wuya na aje a gabanta. Ta juya shi, ta dube ni, ta ɗauki wuƙa ta tsince shi tas ba ta bar ko jijiya ba. Ta goge hannu ta ce, "Gishiri ya yi yawa."

Tana nan har yau, gwiwoyinta sun hana ta aiki. Yaron yana tsallakawa wurinta kullum ya dawo da alewa a baki. Ni nakan ƙwace in zubar, ita kuma gobe ta ba shi biyu.